Bindigar Toka: Baƙuwar Da Ta Zama 'Yar Gida

 Yau ba zancen goro ko na shanu zan yi ba. Zancen wata tsohuwar bindiga ne, wadda ta riga kakanninmu zuwa wannan ƙasa ta Kudu, kuma ga shi a zamaninmu ta zama abin da ake kashe mutum saboda an gan shi da ita.

Abin da ya jawo rubutun wata hira ce da muka yi a ƙofar masallaci bayan la'asar. An tayar da zancen abin da ya faru a garin Uromi na jihar Edo a ƙarshen watan Maris na 2025, inda 'yan sintiri suka tare wata babbar mota ɗauke da mafarauta 'yan jihar Kano, galibinsu daga yankin Bunkure, sun taso daga jihar Ribas za su gida yin ƙaramar Sallah. Aka ga bindigogin toka a kayansu, aka yi musu ihun masu garkuwa da mutane, jama'a ta taru ta kashe mutum 16 ta ƙona su. Allah Ya jiƙansu. Ana cikin hirar sai wani yaro ɗan jami'a, haifaffen nan Sabo kamar ni, ya ce shi fa har yanzu bai gane ba, me zai sa mutum ya ɗauko bindiga a mota in ba da wata manufa ba? Dattawan wurin suka yi masa caa. Ni ban ga laifinsa ba. Yaron bai taɓa ganin bindigar toka da idonsa ba, a wurinsa da ta ɗan fashi da ta maharbin gafiya duk sunansu bindiga. To idan ɗanmu na cikinmu haka yake kallon abin, ina ga wanda ke tsaye da gora a kan titin Uromi?

Bari mu fara da ita kanta bindigar, domin na san da yawa daga masu karatu sai a hawan Sallah suka taɓa jin ƙararta. Ba a sa mata harsashi ta baya kamar na zamani, ta baki ake ɗura ta. Maharbi zai tsayar da ita, gindi a ƙasa baki na kallon sama, ya zuba albarushi, ya tura tsumma ko busasshiyar ciyawa, ya danna da doguwar sandar da ke maƙale a ƙarƙashin bututun, sannan ya zuba ƙwayoyin dalma ko 'yan guntayen ƙarfe, ya sake toshewa don kada su zubo. A ta asali, wato mai ƙanƙara, akwai wani ƙarfe a gefe mai lanƙwasa kamar wutsiyar kunama, yana cije da ɗan dutsen ƙanƙara. In aka ja, sai ya sari wani faifan ƙarfe da dutsen, tartsatsi ya zuba cikin ɗan kasko mai albarushi kaɗan, wutar ta bi ta wata 'yar kafa ta shiga ciki. Ƙyastu ne kawai aka ɗaura wa bututu. Duk wanda ya ga ƙarfen nan a ɗane ba zai tambayi inda aka samo sunan kunamar bindiga ba.

Harbi ɗaya take yi. Kafin a sake ɗura ta, wanda aka harba in bai faɗi ba ya iso, shi ya sa wasu ke ce mata harbi-ka-ruga. In an yi ruwa albarushin kaskon ya jiƙe, ta zama sanda. In ta tashi, hayaƙi ya rufe mai ita har ba ya ganin gabansa. Cikin bututunta sumul yake, ba shi da zanen nan mai murɗawa da ke sa harsashi ya tafi saiti, don haka da abu ya yi nisa sai dai a yi ta addu'a. Ka riƙe wannan batu na zanen cikin bututu, mai karatu, za mu dawo kansa.

Sunayen kayanta duk na Larabawa ne. Bindiga daga bunduƙiyya, albarushi daga al-barud, harsashi kuwa daga rasas, wato dalma. Sunayen ta Sahara suka zo mana. Amma bindigar da muke magana a kai ta teku ta zo.

A Faransa aka kammala fasahar kunama mai ƙanƙara wajen 1610, kuma ana danganta ta ga wani maƙeri mai suna Marin le Bourgeoys. Kafin shekarar 1700 ta zagayo sojojin Turai sun koma kanta. Turawan Ingila na kiran irin wadda aka riƙa kawowa gaɓar tekunmu da suna Dane gun, wato bindigar mutanen Danmak, saboda 'yan kasuwar wannan ƙasa da suka kafa sansanin Christiansborg a Osu ta birnin Ankara tun shekarun 1660 sun yi suna wajen sayar da wata doguwar bindiga da mutanen gaɓar suka fi so. Danmak ta sayar wa Ingila sansanoninta a 1850 ta tattara ta tafi, amma sunan ya zauna. Mafi yawan bindigogin ma ba a Danmak aka ƙera su ba. A Birmingham ta Ingila da Liège ta Beljiyam aka yi su, a kan araha, domin kasuwar Afirka kawai. Masanin tarihin nan ɗan Nijeriya, Joseph Inikori, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya ƙiyasta cewa tsakanin 1750 da 1807 ana shigo da bindigogi 283,000 zuwa 394,000 Afirka ta Yamma a kowace shekara. A kowace shekara fa, ba jimilla ba. Da yawansu ba a gwada ƙarfinsu yadda ya kamata ba, sukan fashe a hannun mai harbi. Sai a 1813 ne ma aka kafa gidan gwajin bututun bindiga na Birmingham da doka.

Abin da aka riƙa bayarwa a karɓi bindigogin nan, mafi yawa mutane ne. Ɗaya daga manyan masu ƙera su a Birmingham, Samuel Galton, ɗan ɗariƙar Quaker ne da ta haramta yaƙi, har sai da 'yan ɗariƙar suka tsame shi daga cikinsu a shekarun 1790 saboda sana'ar tasa. Kuma kada mu ɗauka abin can nesa ya faru da wasu. Cikin waɗanda aka bi da su ta ƙasar Oyo zuwa Ikko da Badagiri aka loda a jirgi akwai Hausawa masu yawa, yawan da har suka iya shirya bore a Bahia ta ƙasar Barazil a 1807, suka sake tayar da wani a 1814. Hanyar da kakanninmu suka biyo da ƙafarsu neman goro, wasu 'yan uwansu sun riga su bin ta a ɗaure, bindiga tana wucewa ta gefensu tana yin arewa.

Sai dai ba ta cika isa arewan ba, kuma wannan shi ne abin da yakan ba mutane mamaki. Gaskiya ne Mai Idris Alooma na Barno ya samo bindigogi da Turkawa masu koyar da harbi tun ƙarni na 16, kamar yadda limaminsa Ibn Fartuwa ya rubuta. Littafin Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, aka fara kawo garkuwoyi daga Nupe da kuma bindigogi, sannan Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, shi ne sarkin Kano na farko da ya ajiye 'yan bindiga masu tsaron lafiyarsa. To amma abin bai wuce na fada ba. Masarautun da ke tsakaninmu da teku, irin su Asante da Dahomey da Ijabu, ba su da wauta, sun san abin da zai biyo baya in suka bar bindiga ta wuce ta hannunsu zuwa ga masu dawaki. Jihadin 1804 da kwari da baka da mashi da takobi aka yi shi. A 1823 Baturen nan Denham ya bi wata rundunar Larabawa masu bindiga, ƙarƙashin Bu Khalum, suka kai hari wani garin Fulani da ake kira Musfeya a yankin Mandara. Kibiya mai dafi ta tarwatsa su, shi Bu Khalum ya mutu da dafin, Denham kuwa da kyar ya tsira, tsirara. Kafin mai bindiga ya ɗura sau ɗaya, gwanin baka ya saki kibau da dama. Inda aka ɗauki abin da gaske a ƙasar Hausa shi ne Damagaram, zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884. Shi ya tara dubban bindigogi, ya sa ana haɗa albarushi ana zuba igwa a cikin birnin Zinder.

A nan Kudu kuwa, inda kurmi da ƙudan tsando suka hana doki sakat, bindiga ta samu wurin zama. Ijabawa sun yi amfani da bindigogin da suka saya a bakin teku wajen rushe Owu a shekarun 1820. Wannan gari na Badun da muke zaune a cikinsa sansanin mayaƙa ne asalinsa, kuma su ne suka taka wa dawakin Ilori birki a Oshogbo wajen 1840. Yaƙin Kiriji, wanda aka fara a 1877 bai ƙare gaba ɗaya ba sai 1893, daga ƙarar bindiga ya samo sunansa, bayan da Ekiti da Ijesha suka samo sababbin bindigogi masu harsashi ta hannun 'yan uwansu na Ikko. Mu ma muna cikin labarin ta wata fuska, domin rundunar da John Glover ya kafa a Ikko a 1863, wadda sojan Nijeriya da 'yan sanda ke ƙirga asalinsu daga gare ta, da Hausawa aka kafa ta, mafi yawansu bayin da suka gudo ko aka 'yanta. Kafin a kafa unguwar Sabo ta Badun a 1916, Bahaushe ya fi shekara hamsin yana saɓa bindigar gwamnati a ƙasar Yarbawa.

Yanzu ga tambayar da ta fi damuna. Turai ta bar kunama mai ƙanƙara tun wajen 1840, bayan da wani limamin coci ɗan Sikotlan, Alexander Forsyth, ya fito da dabarar harbi da sinadarin da ke kamawa da bugu a 1807, abin da ya haifi 'yar hular nan da ake ɗora wa bindiga maimakon dutse. Daga nan suka wuce ga masu harsashi, suka wuce ga masu jigida. Me ya sa mu muka tsaya a kan ta 1610 har cikin ƙarni na 20?

Mutane kan ce al'ada ce, ko rashin ci gaba. Ni dai abin da na gani a tarihi doka ce. A ranar 2 ga Yuli 1890 ƙasashen Turai da wasu suka sa hannu a wata yarjejeniya a birnin Brussels, da sunan yaƙi da cinikin bayi. A cikinta aka hana sayar wa 'yan Afirka bindigogi na zamani a duk faɗin yankin da ya taso daga tsakiyar Sahara har kusan ƙarshen kudancin nahiyar. Abin da aka bari a sayar mana shi ne bindiga mai ƙanƙara wadda cikin bututunta ba shi da zane, da albarushi na gama-gari. Ka ga inda zancen zanen ya dawo. An zaɓa mana wadda za ta iya kashe gada amma ba za ta iya tare sojan Bature ba. Shekara goma sha uku bayan haka aka ga amfanin dokar, lokacin da Kano ta faɗi a watan Fabrairu na 1903, Sakkwato a watan Maris, aka ƙarasa a Burmi a watan Yuli, masu kibiya da 'yan tsirarun bindigogi suna fuskantar mai jigida. Har akwai wani ƙaramin gari a Ingila mai suna Brandon, inda masu fasa dutsen ƙanƙara suka ci gaba da samun abinci har tsakiyar ƙarni na 20, alhali sojan ƙasarsu ya daɗe da daina sayen hajarsu. Maharban Afirka ne suka riƙe su.

To a nan ne maƙeri ya shigo. Bindigar da aka yi a kan araha kullum cikin lalacewa take, kuma ba wanda zai mayar da ita Birmingham gyara. Maƙeranmu da gyara suka fara, sifirin ya karye su ƙera wani, ƙota ta tsage su sassaƙa sabuwa, kunama ta sake su ɗaure. Wanda ya gyara kowane sashe sau ɗari, ranar da zai haɗa tasa daga farko ba ta da nisa. Bututun ne ya daɗe yana gagara, domin a Turai ma nannaɗe faffaɗan ƙarfe ake yi a jikin sanda, a yi ta bugu a wuta har ya haɗe, sannan a rarake cikinsa. Da zamanin mota da famfo ya zo sai aka samu bututu a ɓagas, wasu na ruwa, wasu daga jikin sitiyarin tsofaffin motoci. Maƙeran Awka a ƙasar Ibo sun fi kowa suna a wannan aiki, suna yawo gari gari da kayan ƙirarsu. Wanda ya karanta Things Fall Apart na Chinua Achebe zai tuna cewa bindigar Okonkwo wani maƙeri ne ya ƙera ta, kuma ita ce ta fashe a wurin jana'iza, ɓarɓashin ƙarfe ya kashe yaro, aka kore shi daga gari shekara bakwai. A ɗaya littafin nasa, Arrow of God, laƙabin da mutane suka sa wa Baturen mulki shi ne mai karya bindigogi, saboda ya tattara na gari ya kakkarya.

Ni a idona na ga ana ƙera ta, ina yaro, a farkon shekarun 1980. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi kaɗai ne a gidanmu bai bi goro ba. Gadi yake yi da dare a wani kamfanin katako, ranakun hutu kuma ya shiga daji. Da tsohuwar bindigarsa ta gaji sai ya ɗauke ni muka shiga cikin tsohon gari, wajen unguwar maƙera, wurin wani tsoho Bayarabe da ya daɗe yana yi masa gyara. Rumfa ce baƙa ƙirin da hayaƙi, yaro na zaune yana zuga, uwar maƙera a tsakiya. A lungu guda akwai tarin tsofaffin ƙarafa da ganyen kwakwar manja a rataye, an zuba musu manja, wurin Ogun ke nan, abin bautar maƙera da maharba a gargajiyar Yarbawa. Kawu yakan kau da kai ya yi ta'awwuzi a hankali, sannan ya durƙusa ya gaida tsohon ya miƙa masa goro fari guda biyu. Shi kuma tsohon ya ce, "Gambari, ka zo?" Kawu ya ce, "Na zo, Baba." Da Yarbanci suke sauran zancen, kawu na yin nasa da karin harshen Kano wanda har ya rasu bai rabu da shi ba.

Mun yi ta zarya wajen wata guda, domin tsohon ba ya gaggawa, kuma fartanya da adda su ne abincinsa na kullum, bindiga sai ya samu sarari. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne aikin itacen. Ya sa kawu ya tsaya ya miƙa hannu kamar zai yi harbi, ya auna daga kafaɗa zuwa yatsa da igiya, kamar tela. Ya zaɓo busasshen katako mai nauyi wanda ya ce ya shekara a saman rumfar, ya fara fitar da siffa da gizago, sannan ya koma ga wuƙa da magagari. Wajen fafe kwarin da bututu zai kwanta, sai ya shafa wa bututun baƙin tukunya ya ɗora a kan itacen ya ɗaga. Duk inda baƙi ya taɓa, nan ne ya yi tudu, sai ya kankare wurin kaɗan ya sake ɗorawa. Ya yi haka ya fi sau talatin a gabana, har na gaji na fita kallon masu wucewa. Da na girma na karanta yadda maƙeran Turai da Amurka ke yi, sai na tarar dabarar ɗaya ce, su da hayaƙin fitila suke shafawa.

Sifirin kunama shi ne inda ake gane gwani. In ya yi taushi ba zai buga da ƙarfi ba, in ya yi tauri ya karye a bugun farko. Tsohon yakan zuba wa ƙarfen ido yana kallon yadda launinsa ke sauyawa a wuta, ba ya magana, ba ya son a yi masa magana. Biyu ya ɓata kafin na uku ya yi. Ta kawu ba mai ƙanƙara ba ce, mai 'yar hula ce, domin a lokacin dutsen ya yi wuyar samu, kuma yawancin bindigogin tokan da ke hannun maharba a yau irinta ne. Amma akwai wata mai ƙanƙara a rataye a rumfar, ta mahaifin tsohon, doguwa ta fi ni tsawo a lokacin, ya saukar da ita ya ja mini kunamar babu ɗuri don in ga tartsatsin.

Ranar gwaji muka fita bayan gari. Aka ɗaure ta a jikin itace, aka ɗura mata fiye da kima, aka ja da doguwar igiya daga bayan wani tudu. Da hayaƙi ya washe tsohon ya je ya duba ta ciki da waje, ya shinshina, ya shafa, sannan ya miƙa wa kawu da hannu biyu. Ya so kawu ya rantse a kan ƙarfe cewa ba zai nuna wa ɗan Adam ita ba, yadda maharbansu ke yi. Kawu ya ce shi Musulmi ne, da Allah zai rantse. Tsohon ya ce ya yarda, ai duk wanda aka kira zai ji.

Abin da bindigar nan ta ci a rayuwarta, gyazbi ne da gafiya da zomo da fakara da zabin daji, sai gada in an yi sa'a. Manoman rogo da masara na ƙauyukan da ke kewaye da Badun da kansu suke aiko wa kawu in gyazbi ya dame su, domin dabbar nan a dare ɗaya takan yi wa gona ɓarna mai yawa. Yakan fita da fitilar goshi, ya bi sawu a hankali har ya ga idon dabba ya haska, ya matsa kusa ƙwarai, don ya san harbi ɗaya gare shi kuma albarushi kuɗi ne. Wuƙa na ɗaure a ƙugunsa saboda ya riski abin da rai ya yanka. Rabi a ci a gida, rabi matan da ke sayar da naman daji a bakin titi su saya. Da wannan ya yi wa 'ya'yansa kuɗin makaranta. Haɗarinta kuwa mai ita ya fi kowa saninsa. Abokin farautarsa yatsu uku gare shi a hannun hagu, ya cika ɗuri bututu ya buɗe.

Wani abin da zai ba ka haushi ko dariya, a Amurka wannan sana'a abin alfahari ce. Maƙeran Jamus da suka zauna a Pennsylvania a ƙarni na 18 sun fito da doguwar bindiga mai ƙanƙara, tasu da zane a cikin bututu, har da ƙanana da ake yi musamman don harbin kurege da zomo. Har yau akwai masu zama su ƙera ta da hannu tun daga bututu har ƙota, a saya da tsada, a kai gidan tarihi. A Williamsburg ta jihar Virginia akwai maƙerar da 'yan yawon buɗe ido ke zuwa kallon aikin, jihar Pennsylvania kuma ta keɓe wa masu bindigar ƙanƙara lokacin farautarsu bayan Kirsimeti. Aikin da tsohon nan na Badun yake yi a ɓoye rabi a fili rabi ke nan.

Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku, ta sa masu ɗuri ta baki a kaso na uku, mafi sauƙi. Ba ta haramta su ba, amma ta ɗora lasisinsu da izinin ƙera su a hannun 'yan sanda. Matsalar ita ce takardar da aka yanka a Kano, ɗan sintirin wani ƙauye a Edo bai san da ita ba, ba ya ma tambaya. Kuma dole mu faɗi gaskiya ko da ɗaci, zamani ya ɓata sunan abin. A da in an ce 'yan bindiga, bayin sarki ake nufi, masu jajayen kaya da ke cika gari da hayaƙi ranar hawa. Yau in ka ji kalmar a rediyo gabanka faɗuwa yake. Akwai maƙeran da suka bar ta maharba suka koma ƙera wa ɓarayi ƙananan bindigogi. Mutanen yankin Uromi sun sha wuyar masu satar mutane a gonakinsu kafin ranar, wannan ba ƙarya ba ne, ko da yake bai halatta jinin matafiyi ko ɗaya ba. Amma bindigar da aka kashe bayin Allah nan saboda ita, irinta ce maharban Adamawa suka saɓa a 2014 suka taya soja korar Boko Haram daga yankin Mubi, ana yi musu kirari. Irinta ce 'yan Amotekun ke ratayawa tun da aka kafa su a 2020, suna wucewa ta gabanmu a nan Badun ba mai ko ɗaga kai. A kafaɗar ɗan gari kayan aiki ce, a kafaɗar baƙo ta zama shaida.

Shi ya sa nake ganin sarakunan Hausawa na garuruwan Kudu suna da aiki a gabansu wanda ya wuce zuwa ta'aziyya. Mafarautanmu na shigowa dazukan Ondo da Edo da Delta da Ribas kowace shekara, sau da yawa ba wanda ya san da zuwansu sai ranar da aka kira mu ɗaukar gawa. Kawu bai taɓa shiga dajin wani ƙauye ba sai ya fara gaida shugaban maharbansu, ya ba da goro, wani lokaci su fita tare. Sun san fuskarsa, sun san wanda ya ƙera masa bindiga. Waɗanda ke zuwa yanzu a cikin babbar mota, su talatin, da karnuka, ba su jin yaren kowa, ba su da wannan rigar.

Bayan rasuwar kawu, 'ya'yansa suka rasa yadda za su yi da bindigar. Ba mai farauta a cikinsu, kuma ba wanda ke son a zo bincike a same ta a ɗakinsa. A ƙarshe babban ya cire kunamar ya jefa a masai, ya sa aka yanka bututun gida uku aka sayar wa 'yan gwangwan. Ƙotar ce kawai ta rage, tana nan a bayan ƙofar ɗakin gwaggo, da ita take tokare taga in iska ta taso.

Kwanakin baya na bi ta unguwar maƙeran. Tsohon ya daɗe da mutuwa, jikansa ne a wurin, da injin walda, yana haɗa ƙofofin ƙarfe. Na tambaye shi ko har yanzu ana yin ta. Ya dube ni, ya dubi hulata, ya ce su ba su san wannan aikin ba. Sai da na kwatanta masa kawu da kakansa da doguwar bindigar da ke rataye a rumfa, sannan ya saki fuska, ya shiga ciki ya fito da wani tsohon gwangwanin sigari. Duwatsun ƙanƙara ne guda shida a ciki, baƙaƙe, an fasa su murabba'i, ba a taɓa ɗaura ko ɗaya ba. Ya ce in ɗauki ɗaya. Na ɗauka, na ba shi goro.